Hasken da Ya Ƙi Yin Rawaya

Dogo Tebo, Potiskum
Farkon Rajab

Zuwa ga Adda Adawiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara, da kuma aikin jami'a. Mu nan alhamdu lillahi. Inna tana fama da gwiwa kamar kullum. Ta ce in tuna miki kakarki da kakata ciki ɗaya suka fito, ko da Ibadan ta sa kin manta hanyar Potiskum.

Kin ce kada in ƙara kiranki a waya kan maganar fitilar leza, wai ina katse ki, kuma lamba ba ta zama a kaina. To ga takarda. Na ba Maigandi, direban tirelar shanun da ke sauke kaya a kasuwarku.

Rauda, ƙanwar matata Hansatu, za ta yi aure a Zulƙida. Ranar da aka sa rana na buɗe baki a gaban surukaina a Gadaka na ce zan haska sunan amarya da na ango a bango da majigin da nake haɗawa. Yanzu duk Gadaka ta sani. Majigin yana aiki. Jar leza na ciro ta daga tsohon injin DVD da aka bar mini a shagona na gyaran kayan lantarki, koriyar da shuɗiyar na sayo a Kano. Ƙananan madubai biyu ne ke kaɗa hasken yana rubutu.

Matsalar launi ce. Ankon bikin rawaya ne mai kama da zinariya. Hansatu ce ta zaɓa, ita ke ɗinkawa, kuma ta ce rubutun ya zama kalar ankon ko a bari. Ke kika gaya mini ja da kore in sun haɗu a haske rawaya suke bayarwa. Na haɗa, na rataye ƙyallen ankon a bango, na yi ta murɗawa har suka zama abu ɗaya. Na kira ta da murnata. Ta leƙo ta ce, "Wannan ai manja ne." Ta koma kan kekenta.

Adda, ba manja ba ne. Ina zargin lezojin ne ba na gaskiya ba, don babu lamba a jikin ko ɗaya. Yaya zan gane?

Ƙanenki,
Bilyamin

Ibadan
Ƙarshen Rajab

Bilyamin,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ka gaida Inna, ka ce mata ban manta ba, kuma man gwiwar da ke cikin ledar nan nata ne.

Kafin komai, na karanta wasiƙarka sau biyu ban ga inda ka ambaci tabarau ba. Wato kana zaune da leza uku a ɗaki, da madubai masu watsa haske ko'ina, idonka a buɗe. Lezar DVD tana iya ƙona bayan ido kafin ka ƙifta, kuma wurin ba ya warkewa. Na sa tabarau biyu a cikin kayan, ɗaya na ja, ɗaya na kore da shuɗi. Duk lokacin da kake gyaran madubai ka sa. Idan na ji ba ka sa ba, wannan ce wasiƙata ta ƙarshe.

Yanzu awo. Haske tafiya yake yi kamar igiyar ruwa, kuma tazarar da ke tsakanin tudu da tudu ita ce ke sa ido ya ce wannan ja ne, wancan kore ne. Tsawon zango muke ce mata. Ba a auna ta da tef kai tsaye don ƙanƙantarta, amma akwai dabara.

Ka sami faifan CD, ba DVD ba. Ka manna salatef a gefen rubutun ka fizge, azurfar za ta biyo shi, faifan ya koma kamar gilashi. Ka tsayar da shi mita ɗaya daidai daga bango. Ka haska leza ta cikinsa a miƙe. Za ka ga ɗigo a tsakiya, da wasu biyu dama da hagu. Ka auna daga na tsakiya zuwa na kusa da shi. Kowane launi da inda nasa ɗigon ke faɗawa. Ka aiko mini da lambobin, ni zan yi lissafin.

Tef ɗin tela yana da inci a fuska ɗaya, santimita a ɗayar. Santimita nake so. Na san ka, shi ya sa na faɗa.

Kuma wanda bai gama haɗa abu ba, me ya kai shi yin alkawari a gaban surukai?

Addarka,
Adawiyya

Dogo Tebo
Tsakiyar Sha'aban

Adda Adawiyya,

Sallama da gaisuwa. Inna ta gode, ta ce man yana da zafi amma yana aiki. Ni kuma mura ce ta ɗan taɓa ni, ta wuce. Wasiƙarki ta daɗe a hanya don motar Maigandi ta lalace a Jos.

Na sa tabarau, ki daina faɗa.

Na ɓata faifai huɗu kafin azurfar ta fita. Ga abin da na samu, mita ɗaya daga bango. Ja, santimita arba'in da huɗu da rabi. Kore, talatin da biyar da ɗan ɗoriya. Shuɗi, ashirin da shida. Na maimaita har na gaji, lamba ba ta canza ba.

Amma na tabbata jar nan ta mutu ko tana hanyar mutuwa. Ɗigonta na gefe da ƙyar nake ganinsa. Sai da Hansatu ta zo karɓar tef ɗinta ta ɗora yatsa a bango ta ce, "Ga shi nan kamar garwashi, me kake lalube?" Ni kuwa abin da na gani bai fi tabon shayi ba. Don haka na ƙara wa jar wuta sosai, na sake haɗawa, rawayar ta fito fes. Ta ce yanzu ya bar manja ya koma barkono.

Adda, abin ya fara wuce wasa. Na ce mata idan ba ta so in yi wa ƙanwarta abin arziki ta faɗa kawai, ba sai ta riƙa ƙaryata abin da ke gaban idona ba. Ta ce ni ne nake ƙaryata ta, kuma ba yau na fara ba. Tun ranar abinci kawai take ajiye mini ta fita. Ta ɗauke ƙyallen ankon daga bango, sai da na je wurin mai shagon atamfa na roƙi wani guntu.

Ki duba lambobin ki rubuto mini a fili cewa lezar ce ta lalace, in nuna mata. Maganarki za ta ji.

Bilyamin

Ibadan
Jajiberin azumi

Bilyamin,

Gaisuwa a gurguje, muna lafiya. Maigandi yana tsaye a ƙofa, kuma hadari ya haɗu.

Na yi lissafi. Tsawon zangon jar yana kan nanomita ɗari shida da hamsin, koriyar ɗari biyar da talatin da biyu. Duk biyun daidai suke, babu abin da ya same su. Shuɗiyar ce aka cuce ka, ɗari huɗu da biyar ce, wato shunayya. Zan nemo maka ta gaskiya, amma rawaya ba ruwanta da ita.

Ba zan rubuta cewa leza ta lalace ba tunda ba ta lalace ba. Ina jin tabarau ɗin ja ne ka bari a fuskarka lokacin awo, shi ya sa ɗigon ya dushe maka. Ka rage wutar da ka ƙara kafin ka ƙona ta. Idan Hansatu ta sake cewa bai yi ba, kada ka tsaya gardama, ka ƙara kore ta gani.

Zan raka surukata Umara cikin azumi, wayata za ta kasance a rufe. Allah ya sa mu ga watan lafiya.

Adawiyya

Gadaka
Cikin azumi

Zuwa ga Adda Adawiyya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina shan ruwa lafiya. Ni Hansatu ce, matar ƙanenki. Lafiyar jiki kam da ita, alhamdu lillahi.

Takardarki a hannuna ta faɗo. Yana shago lokacin da Maigandi ya kawo ta, a jiƙe, ambulan ya rabe. Na shimfiɗa ta a kan keke don ta bushe, ba don in karanta ba. Sunana ne ya ja idona. Ruwa ya cinye wasu wurare, amma abin da ya rage ya isa: "Idan Hansatu ta sake cewa bai yi ba, kada ka tsaya gardama, ka kore ta."

To ban jira ya kore ni ba. Na haɗa ɗinkin bikin na taho gidanmu, da takardar a jakata.

Adda, sau ɗaya muka taɓa haɗuwa, a sunan ɗiyar 'yar'uwarku Murjanatu, kuma ban san na yi miki wani laifi ba. Kin ji ɓangare ɗaya kin yanke. Bari ki ji nawa.

Tun da na shiga gidansa ban taɓa faɗar kalar abu ya yarda ba. In na aike shi zare ja mai duhu, baƙi yake kawowa, ya rantse abin da na ce ke nan. In ya sayo tumatir, rabi ɗanye ne, in na yi magana ya ce raini ne. Ranar Sallar bara na zauna tun safe aka yi mini jan lalle, ya fito har maƙwabta suna leƙowa. Na miƙa masa hannu, ya duba ya ce in wanke, wai kamar na taɓa tukunya. Ban gaya wa kowa ba, sai yau.

Ni tela ce. Da ido nake cin abinci. Matan Potiskum suna kawo mini atamfa in zaɓa musu zare ba tare da sun duba ba. A ce a gidana ne kaɗai ban san rawaya ba?

Ban ce majiginsa ba ya aiki ba. Rubutun yana da kyau, har na ji daɗi a raina. Amma ba zan bari a haska sunan ƙanwata da jan wuta kamar shagon mai gashin nama ba, ana ce wa mutane kalar anko ce.

Ki huta lafiya.
Hansatu

Dogo Tebo
Goman ƙarshe na azumi

Adda,

Ina gaisuwa. Inna lafiya, amma ba ta yi mini magana. Ni ban san ko lafiya nake ba.

Me kika rubuta? Na dawo daga shago na tarar ba Hansatu, ba kekenta, ba wasiƙar. Maigandi ya ce ya ba ta hannu da hannu. Na kira ki har na gaji, a rufe. Na kira ta, ta ce in tambayi Addata, ta kashe.

Inna ta sa Kawu Hammawa, yayanta, ya je biko. Kafin ya tafi ya ce sai ya ga abin da ya raba mu. Na kunna masa, na rataye ƙyallen. Ya gyara zama ya duba sosai ya ce, "Wannan da wannan ai abu ɗaya ne. Yarinyar nan rigima take ji." Kin ga ke nan ba ni kaɗai ba ne. Mutumin da ya tsufa yana sayen shanu a kasuwar Potiskum ba za a ce bai san kala ba.

Sai dai da ya isa Gadaka, maimakon ya ba da haƙuri, wannan maganar ya maimaita a gaban mahaifinta. Ya ƙara da cewa shi ma matansa haka suke masa musu a kan kala, halin mata ne. Mahaifinta ya ce to a bar ta a nan har ta koyi kala. Kawu ya dawo ko ruwan buɗe-baki bai tsaya sha ba.

Yanzu an aiko mini cewa ba a bukatar majigi a bikin. Rauda kuma ta kira ni tana kuka, wai saboda bikinta auren yayarta zai mutu.

Duk wannan a kan fitila. Don Allah duk inda kike ki amsa.

Bilyamin

Ibadan
Bayan Sallah

Zuwa ga Hansatu da Bilyamin,

Assalamu alaikum, barkanku da Sallah. Mun dawo lafiya, sai gajiya da tari. Na tarar da wasiƙunku biyu suna jirana a rumfar mai shayin kasuwar shanu. Na kira Hansatu ba ta ɗauka ba, kuma ban ga laifinta ba. Don haka na rubuta wannan sau biyu, ɗaya Gadaka ɗaya Dogo Tebo, kowace a cikin leda.

Hansatu, ɗauko takardar nan ki ɗaga ta a rana. Tsakanin "ka" da "kore" akwai gurbin kalma, bayan "ta" ma akwai. Abin da na rubuta shi ne, "ka ƙara kore ta gani." Koren haske nake nufi. Cewa na yi ya bi maganarki. Ni da na bar aikina ina lissafi don bikin ƙanwarki, me zai sa in ce a kore ki? Da kin nuna masa takardar, da shi ya gane, don ya san zancen da muke yi. Kun ba ni ciwon kai ku biyun, wallahi.

Amma wasiƙarki ta yi amfanin da lissafina bai yi ba. Zare, tumatir, lalle, ɗigon da ke kamar garwashi a wurinki shi kuma yana lalube. Sannan ga Kawu Hammawa.

Bilyamin, ka zauna ka karanta wannan a hankali. Ina zaton idonka ba ya ganin ja yadda yawancin mutane ke gani. Ba leza ce ta jawo ba, haka ake haihuwar wasu, galibi maza, kuma ta wajen uwa ake gadonsa. Shi ya sa shaidar yayan mahaifiyarka ba ta wanke ka ba, ƙara mini zargi ta yi. Mai irin wannan ido ja yana yi masa duhu, sai ya yi ta ƙara shi kafin ya ga rawaya. Abin da kake gani gaskiya ne a wurinka. Abin da Hansatu take gani shi ne abin da 'yan biki za su gani. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinku.

Na san za ka yi musu, don haka kada ka yarda da ni, ka gwada. Ka mayar da wutar jar yadda take, ka liƙa farar takarda a bayan abin murɗa koren. Ka kira mutane ɗaya bayan ɗaya, maza da mata, kada wani ya ga na wani. Kowa ya murɗa har hasken ya yi daidai da ƙyallen, ka sa alama da biro. Hasken bango kawai za su kalla, kada kowa ya matso kusa da madubai. Kai ma ka yi, Kawu ma ya yi. Bayan nan ka je asibitin ido su nuna maka littafin ɗige-ɗigen launi.

Shuɗiyar leza tana cikin ledarka. Ka auna ta, ya kamata ta faɗi wajen ashirin da tara.

Adawiyya

Dogo Tebo
Ƙarshen Zulƙida

Adda Adawiyya,

Sallama da gaisuwa, da fatan tarin ya sake ki. Inna lafiya, ta dawo yi mini magana, har ta yi yawa. Hansatu tana gaishe ki. Ta ce za ta rubuto da kanta idan kunya ta sake ta. Ɗinkin da ke cikin ledar naki ne, ankon bikin ne, ta ce ki sa ko a Ibadan.

Na yi fushi da wasiƙarki. Na ajiye ta a ƙarƙashin akwatin kayan aiki na ce ba zan gwada komai ba. Daga baya na ce bari in gwada don in ƙaryata ki.

Na kira mai shayi, da masu Keke Napep biyu da ke tsayawa a bakin shagona, da matar maƙwabcina, da Inna. Alamominsu duk suka taru wuri ɗaya, kusan a kan juna. Tawa tana can gefe ita kaɗai. Na aika aka ɗauko Kawu. Ya murɗa, ya murɗa, ya tsaya a kan tawa daidai. Da na nuna masa na sauran, ya ce duk an haɗa baki ne, ya sa takalminsa ya tafi. Har yau bai yarda ba.

Ni na je asibiti. Ma'aikaciyar tana buɗe shafi tana cewa wace lamba na gani, ni kuwa ɗige-ɗige kawai nake gani. Wata tsohuwa da ke jiran layi a bayana tana ta raɗa mini amsa don tausayi. Na fito na zauna a bakin titi na daɗe. Sana'ata wayoyin lantarki ce masu launi, Adda. Sai yanzu na gane dalilin da ya sa tun ina koyo nake bin kowace waya da mitar gwajin wuta, abokan aikina suna dariya.

Gadaka ni kaɗai na je, ban ɗauki kowa ba. Na kai takardar alamomin da ta asibiti na ajiye a gaban mahaifinta. Ya juya su ya ce shi bai gane komai ba, a kira ta. Ta fito, ta riga ta karanta taki. Na ce mata maganar lallen nan, ban san ja ne ba. Ta ce ta sani yanzu. Ta shiga ta fara haɗa kaya.

An yi biki. Ni na kafa majigi, na daidaita madubai, na ɗaga shi sama yadda haske ba zai sami idon kowa ba. Da aka zo launi na matsa gefe, Hansatu ta murɗa da hannunta. Sunan Rauda da na angonta suka fito a bangon makarantar da aka yi taron, mata suka yi guɗa, ana ta cewa kamar an yanko ankon an manna. Ni ina tsaye a baya ina kallon wani kore-kore marar daɗi, kamar ruwan kududdufi. Hannuna har ƙaiƙayi yake in je in gyara. Na sa shi a aljihu.

Shuɗiyar ta faɗi a ashirin da tara da ɗan kaɗan, yadda kika ce.

Yanzu wata sabuwar wahala ce ta same ni, komai sai na tambaya. Jiya da muka wuce ta gaban shagona na nuna mata ƙofar, wadda na yi wa fenti da hannuna tun kafin aurenmu, kuma a sanina ruwan toka ce. Na ce ta gaya mini gaskiya, wace kala ce. Ta dubi ƙofar, ta dube ni, ta danne dariya, ta ce mu je gida tukuna in ci abinci.

Ƙanenki,
Bilyamin